Keken Kawu Nomau da Masu Neman Jar Zaiba

Ku da kunka zo koyon ɗinki bana, na lura da ku sarai. A ganinku sana'ar ba ta wuce mutum ya zauna ya taka feda ba, waya maƙale a kunne, allura ta ƙarasa sauran aikin. To madalla, Allah ya ba da sa'a. Ni Arzika, da mutanen Sabon Birni ke ce wa Arzika Tela, a kan keken hannu na koyi ɗinki, a kansa na yi aure, a kansa furfura ta same ni. Tunda yau ba wuta, janareta kuma ba mai, kun zauna kuna kallon juna, ku matso in ba ku labarin keken, da shekarar da 'yan uwana sunka tashi fasa shi da guduma don su ciro arziki a cikinsa.

Asalinsa na Kawu Nomau ne, ƙanen mahaifiyata, tela a Isa. Baƙin keke ne mai nauyin tsiya, da akwatinsa na katako, da zanen furanni na ruwan zinari waɗanda tafin hannu ya cinye rabinsu. Sunan masu ƙera shi ya goge tun ba a haife ni ba. Kawu ya ce wurin wani falke ya same shi, wanda ya ƙetaro da shi a kan raƙumi daga Faransa, wato ƙasar Nijar kamar yadda muke ce mata a nan, kuma shi ma falken tsoho ya saye shi. Ba wanda ya san shekarunsa. In an tambayi Kawu sai ya ce keken ya girmi mai tambaya da ubansa, a wuce wurin.

An kai ni gidansa ina ɗan yaro, da taguwa ɗaya a wuyana. Matarsa, Inna Hassi, ta haɗa ni da ɗanta Labbo, akushi ɗaya, tabarma ɗaya, bulala ma ɗaya. Labbo taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando "bawana" yake kirana, ni kuma in ce da shi ubangidan da ba shi da ko akuya. Shi bai taɓa son ɗinki ba. In Kawu ya ce ya zo ya zura zare, nan take ciwon ciki ke kama shi, kuma ba ya sakinsa sai an rufe shago.

Ku da anka ɗora kan keke tun ranar farko, ku ji yadda na fara. Gawayin dutsen guga na yi ta hurawa har idona ya saba da hayaƙi. Daga nan anka ƙara mini girma, anka ba ni reza in riƙa warware ɗinkin da ya karkace. Sai ramin maɓalli da hannu. Sai da damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, sannan Kawu ya yarda in taɓa keken, shi ma ba ɗinki ba: ni ke juya hannun, shi ke riƙe da yadi. Wato ni ne janaretansa. In na yi sauri ya ranƙwashe ni da bayan almakashi, in na yi sanyi ya ranƙwashe ni, in na yi daidai ya yi shiru. Shirun nan shi ne yabo, ba wani bayansa.

Keken hannu, hannu ɗaya kawai yake bar maka. Dama na juyawa, hagu ita kaɗai ke jan yadi, ta miƙe shi, ta lanƙwasa shi a kwana. Sauran aikin gwiwa ke yi, da haɓa, wani lokaci har da haƙori. In yadi ya yi kauri a mahaɗa, ka goga masa guntun kyandir allura ta wuce. In ka ƙi ta karye, allura kuwa a lokacin sai an je Sakkwato. Kula da shi abu biyu ne: ɗigon mai a ramukan da anka tanada, da gashin kaza na share ƙura. Ban da man gyaɗa, shi daskarewa yake ya kama ƙarfe. Doka ɗaya Kawu ya kafa mini, ya yi ta maimaita ta har ta zauna: kada in kuskura in kwance ko da noti ɗaya. Ya ce waɗanda sunka ɗaura shi sun mutu, ba wanda za a aika ya kira su.

Da hannunsa na dama ya shanye, ya kira ni ɗakinsa. Inna Hassi na zaune, Labbo na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur, don lokacin ya fara kabu-kabu. Kawu ya nuna keken da haɓa ya ce, "Ɗauki, naka na. Ka ci abinci da shi." Ba takarda, ba liman, ba mai unguwa. Labbo har taya ni ɗaure shi ya yi, yana cewa an rage musu tarkace, bawa ya kwashe sharar ubangidansa. Haka na dawo da shi Sabon Birni na kama kaina.

Akwai wata taguwa da ba na mantawa, ta wani makiyayi mai suna Jaɓɓi, a kasuwar Unguwar Lalle. Lokacin ina ɗora keken a kan jaki in bi kasuwanni, in shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro. Jaɓɓi ya zo da baƙin yadi ya ce taguwa yake so mai aljihu ta ciki, ɗaya ƙarƙashin hammata, ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya inda ba wanda zai zata. Awo kuma bai yarda in zagaya shi da tef ba, ya ce shi ba gawa ba ne. Sai na auna shi da ido. Ya tsaya da sandarsa a wuya yana kallon hannuna, bai matsa ba har na datse zaren ƙarshe. Ya sa, ya ɗaga hannuwa, ya tsuguna, ya miƙe. Sannan ya tuɓe ta, ya juya cikinta waje, ya kama mahaɗar kafaɗa da hannu biyu ya ja iya ƙarfinsa, mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai. Ɗinkin bai ce uffan ba. Daga ranar duk rugarsu ni ke musu ɗinki, kuma kowannensu sai ya ja kafaɗar nan a gabana kafin ya karɓa.

Matan kulle kuwa zare ake aiko mini da shi an ƙuƙƙulla: ƙulli na farko kafaɗa, na gaba ƙirji, na ƙarshe tsawo. Matsalar ita ce tsohuwar da ke kawowa ba ta taɓa sanin ta wane kai anka fara ba. In ka bi zaren ta baya, sai ka ɗinka wa siririyar mace rigar da za ta shiga ita da ƙanwarta. Wannan ba a shago ake koyonsa ba, sai ka san gidan, ka san irin cin tuwonsu.

Abokan sana'a sunka sayi keken ƙafa, daga baya na wuta, suna mini dariya wai ina niƙa ne ba ɗinki ba. Ni dai ban canza ba. Hannuna ya san shi, shi ma ya san hannuna, kuma bai taɓa kwana ya ce ba shi da lafiya ba.

Sai shekarar nan da kun sani, ba sai na tuna muku ba, da 'yan bindiga sunka hana noman gonakin nesa, hanyar Isa ta zama sai an yi sallama da iyali kafin a hau ta. Sabon ɗinki ya ɗauke ɗif. Wa ke yanka shadda alhali gero ya gagara? Aikina ya koma faci, da ɗinka ɓoyayyen aljihu a ƙugun wando. Mutanen ƙauyuka sunka cika makarantar firamare, gidaje da yawa a aji ɗaya, surukai na kwana suna jin numfashin juna. Sai anka fara kawo mini tsoffin buhunan taki, in farke su, in wanke, in haɗa su zama labule a raba aji da su. Buhu yana cin allura, yana zamewa, bakinsa yana zazzagewa, sai ka naɗe shi ka ƙara naɗewa ka tafi a hankali. Da ɗinkin buhun nan gidana ya ci tuwo a shekarar, ba don yana da daɗi ba.

Cikin haka anka tare Labbo a hanya anka karɓe babur ɗinsa, ya dawo gida a ƙasa, ko takalmi babu. Ga iyali, ga Inna Hassi a hannunsa, don Kawu ya daɗe da rasuwa. Ita kuma ta tsufa, idanunta sun tafi, sai da murya take gane mutum.

To a nan ne labarin jar zaiba ya shigo gari. Zaiba kun san ta, farar aba mai gudu da ake cewa ita ce a bayan madubi. Wai akwai wata iri, ja, da turawan dauri sunka ɓoye a cikin tsoffin kekunan ɗinki. Wai aljannu ke shan ta, in ka ba su ɗigo ɗaya su yi ta kwaso maka dukiya har ka ce ya isa. Ba wanda ya taɓa ganinta da idonsa, amma kowa ya san wani da ƙanen matarsa ya san wanda ya sayar ya gina bene a Abuja. Don me bature za shi zuba dukiya a cikin keke ya sayar wa falke da araha, wannan ba wanda ya tambaya. Yunwa ba ta bar wa kowa wurin tambaya ba.

Har da hanyar gwaji anka zo da ita. Wai ka kara waya kusa da allura, in sabis ya ɗauke, to akwai ta. Jama'a, a Sabon Birni! Garin da a lokacin sai ka hau tudu, ka fuskanci arewa, ka ɗaga hannu sama kana roƙon sabis ɗin Faransa ya ƙetaro ya taimake ka. Duk keken da anka gwada sai da ya ci jarrabawa.

Wata safiya ina tsakar haɗa buhu sai ga Labbo, ya rame, tare da wani mutum mai tabarau da ƙamshin turare, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ba a san sauran sunan ba. Labbo ya ce, "Bawana, ashe shekara da shekaru bisa dukiyata kake zaune kana ɗinkin buhu." Na yi dariya, na ɗauka tsokanar da munka saba ce. Ya ciro waya ya kara jikin allura, sabis ko ɗigo babu. Na karɓi wayar na kara jikin butar alwalata, babu. Na kara a goshina, babu. Labbo ya ce ai butar ta daɗe kusa da keken ta kwashi tururinsa, ni kuma shekara nawa ina shaƙa. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce lallai wannan mai ƙarfi ce. Na tambaye shi ko keken zai saya. Ya ce a'a, shi zaiba yake saye. A fasa, in ta fito ya auna ya biya. Kun ji ciniki: guduma taku, keke naku, shi nasa kallo.

Na ce ba za a fasa ba. Labbo bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Arzika, mu tafi gaban Inna." Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar, nan na san wasa ya ƙare.

Munka bi ayarin motoci zuwa Isa. Na tafi da ƙarfin gwiwata, don a gabanta anka ba ni keken. Ta saurare mu duka, tana zaune bakin gado tana jan tasbaha, sannan ta ce, "Gabana anka ba ka, ban manta ba. Keke naka na, ba mai karɓe maka shi. Amma Malam, kawunka, abin ɗinki ya ba ka, bai san da wani abu ciki ba. Abin da mutum bai sani ba, bai bayar ba. In akwai, na magada na."

Na ce mata ko a ruga, in an ba ka saniya da ciki, ɗan maraƙin naka ne. Ta ce mai saniya ya san tana da ciki. Daga nan ta sassauta murya ta ce ɗiyan Labbo sun daɗe ba su ga tuwon dare ba, kunu ake dama musu a lallashe su. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san babu komai a cikin keken nan sai ƙarfe, kuma shi kaɗai gare ni. Amma matar da ta yi mini wanka, ta cire mini ƙaya a ƙafa, ta ɓoye mini ƙanzo kada Labbo ya riga ni, da wane baki za ni ce mata a'a? Sai na roƙi abu ɗaya: ban da guduma. Ni da kaina za ni kwance shi a gabansu, duk inda ake zato a duba. Ta ce ta yarda, na yi mata alkawari, ta sa mini albarka.

Ranar da anka sa, da hantsi, shagona ya cika har bakin titi. Ita ba ta zo ba, saboda hanya. Labbo na gefe, Alhaji an ba shi kujera, ga Tunau maƙeri an kira shi da kayan aikinsa ko da za a buƙata. Na shimfiɗa farin yadi a ƙasa, na yi bisimilla, na sa sukurudireba a notin da ban taɓa taɓawa ba tun ina yaro. Duk abin da na cire sai in ajiye shi kusa da wanda ya riga shi, daga dama zuwa hagu, don in san hanyar komawa.

Abin dariya, ranar na san keken da na tsufa a kansa. Ashe sanda ɗaya ce ta ratsa shi daga hannu zuwa kai, mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, ita ke ɗaga allura a sama, ita ke motsa na ƙasa, duk a juyi ɗaya. Ashe ramukan da nake ɗiga wa mai kowanne da ɗan lagwaninsa a ciki, yana tsotsa yana rabawa. A jikin ƙarafan akwai 'yan ƙananan shaidu da wani ya yi da magagari, wannan ya dace da wancan, don kada mai haɗawa ya ɓata. Wato masu ƙera shi sun san wata rana wani zai kwance, har sun bar masa alama. Ina gani ina mamaki, na ma manta da mutanen da ke kaina.

Ƙurar yadi kuwa da ta daskare da mai, na ciro ta dunƙule-dunƙule, da karyayyun bakunan allura. Kowane dunƙule sai Alhaji ya murje shi ya sunsuna. Can sai wani daga baya ya ce ga ja nan. Mutane sunka turo har sunka kusa taka mini yadi. Na sa tsinke na zaro shi. Guntuwar jar fata ce, irin ta dukawanmu, an yanka ta zagaye an cusa inda wani ƙarfe ya ci, don ya daina girgiza. Yankan almakashin na gane, na Kawu ne. Mutumin da ya hana ni kwance noti ɗaya, ashe shi har ciki ya shiga. Ita kaɗai ce jar aba a cikin keken.

Na ce to an gani, za ni mayar. Sai Alhaji ya miƙa yatsa ya nuna ƙoshiya.

Ku ba ku san ta ba, don naku kekunan gidan kwarkwaronsu zagayayye ne, ana sayar da shi ko'ina. Na tsohon keke doguwa ce, kamar ta masaƙa, ba ta wuce tsawon yatsa ba, da baki mai tsini, santsi kamar an lashe. Ita ke ɗauke da zaren ƙasa, ta kutsa cikin zaren sama ta fita, ɗinki ya ƙullu. In babu ita, allura hawa da sauka kawai take yi. Alhaji ya ɗora ta a tafinsa ya jinjina, ya ce bakin nan ya yi nauyi da yawa, a nan ake rufe ta.

Na ce musu duk abin da ke kan yadin nan, in ya lalace, ko Tunau ya ƙera ko ni in yi dabara, ban da wannan. Na faɗa na sake faɗa. Labbo bai iya kallona ba, ƙasa yake kallo. Ya ce in an samu zai cika mini shago da kekunan wuta. Na ce ba na so. Sai ya ce, "Ka yi wa Inna alkawari. Duk inda ake zato, ka ce."

Haka na ce, ban musa ba. Da hannuna na miƙa wa Tunau. Shi ma bai so ba, ya riƙe ta yana dubana ko za ni canza magana. Da ya ga ban canza ba, ya matse ta ya sa zarto. Ƙarfen ya yi masa gardama, sai da ya cinye haƙoran zarton, gumi na ɗiga. Da bakin ya faɗi kan yadi kowa ya sunkuyo. Farin ƙarfe tas, cikinsa da wajensa duk ɗaya.

Alhaji ya ɗauka, ya hura, ya duba ta hasken rana, ya ajiye. Ya ce, "Wanga keke namiji na. Macen aka nema." Ya kakkaɓe rigarsa ya tambaya ko akwai wani mai tsohon keke a unguwar. Wallahi sai da anka samu wanda ya shiga gaba ya nuna masa hanya.

Mayarwa ba ta ba ni wuya ba, alamomin nan sunka yi mini jagora, ko noti ɗaya bai yi saura ba. Na wanke kowane ƙarfe da kananzir, na sa sabon mai. Da na juya hannun sai na ji shi sakayau, tunda nake da shi bai taɓa laushi haka ba. Tunau ya karɓi ƙoshiyar ya liƙe bakin da tagulla, ya yi kwanaki yana goge ta, bai karɓi ko sisi ba. Banza. Zare na zuwa mahaɗar sai ya maƙale ya tsinke. Na nema a Isa, na nema a Shinkafi, na aika Maraɗi, na je Sakkwato da ƙafata. Amsa ɗaya ce ko'ina: da bara ka zo, da kyauta za a ba ka, suna nan zube ba mai so. Wani mai gyaran keke ya jawo gwangwani ya zazzage mini a kan tebur, cike da ƙoshiyoyi, kowace an datse mata baki. Kekunan da sunka yi zamani suna kwance lafiya a ƙarƙashin gadajen tsofaffi, rani ɗaya ya gama da su.

Dole na raɓa shagon maƙwabci, na koyi taka feda da furfurata, ƙafa na gaba hannu na neman abin juyawa, matasa irinku na danne dariya. Labbo ko ya shigo gari, ya daina biyowa ta layinmu. In mun haɗu a jana'iza sai ya gaishe ni da ladabi, kamar baƙo, wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan hanya ta ɗan lafa, wata ranar kasuwa, sai ga shi ya riƙo hannun Inna Hassi sun sauko daga motar Isa. Ya zaunar da ita kan benci a shagona, shi ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Bayan gaisuwa ta ce tun ranar ba ta samu barci mai daɗi ba. Labbo ya gaya mata an kwance, ba a samu komai ba, an mayar, keke na aiki lafiya. Ita dai ta zo ta ji da kunnenta.

Na sauko da shi, na buɗe akwatin. Na haɗa ƙyalle biyu na sa ƙarƙashin allura, na fara juyawa. Ta karkata kai tana saurare, sai na ga fuskarta ta saki. Ta ce muryarsa ta fi ta zamanin Malam daɗi, da ita take daka tana amarya, in ta ji muryar ta tsaya ta san lokacin kai fura ya yi. Ta yi hamdala. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Miƙo in ji ɗinkin."

Labbo ya girgiza mini kai daga bakin ƙofa. Na ɗaga ƙafar da ke danne yadi, na zaro ƙyallen, na sa mata a hannu. Ta bi layin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ta ɗan ja kaɗan. Ƙyallen ya rabu, ɗaya a damanta ɗaya a hagunta.

Ta haɗa su, ta ninke, ta ajiye a cinyarta ta dafe. Na buɗe baki za ni ce mata ba komai, ina samun abinci a wancan shagon, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Juya dai, Arzika," ta ce.

Na kama hannun keken na ci gaba da juyawa, allura na hawa da sauka ba yadi a ƙarƙashinta, ita tana saurare, har anka kira azahar.